An ɗora mini shugabanci a ikilisiya: ta ina zan fara gina kaina da waɗanda ke bina?

Tambaya: Wani ɗan'uwa ya rubuto cewa wata takwas ke nan da aka ba shi shugabancin wata ƙungiya mai mutum kusan 40 a ikilisiyarsu. Shi ke tsara taro, shi ke koyarwa, shi ke ziyarar marasa lafiya, kuɗin baiko ma a hannunsa yake kwana. Ya ce addu'arsa ta yi sanyi, kuma ba ya buɗe Littafi Mai Tsarki sai in zai shirya abin da zai koyar. Yana so ya san ƙa'idodin shugabanci irin na Kirista da za su sa shi kansa ya girma, ya kuma horar da waɗansu.

Amsa: Ɗan'uwa, abu biyun da ka kawo tushensu ɗaya ne. Addu'arka ta yi sanyi domin aikin duka ya taru a kanka, kuma ba wanda yake girma a ƙarƙashinka domin ba ka bar wa kowa abin da zai koyi aiki a kai ba. In ka gyara ɗaya ka bar ɗayan, bayan 'yan watanni za ka sake samun kanka a inda kake yau.

Kafin mu shiga matakai, a san irin shugabancin da ake magana a kai. A Markus 10:35-45, Yakubu da Yohanna sun roƙi Yesu kujerun dama da hagu, sauran goman kuwa suka fusata. Yesu ya tara su ya ce masu mulkin al'ummai sukan nuna wa mutanensu iko, amma a tsakaninsu kada ya zama haka: mai son zama babba sai ya zama mai yi wa sauran hidima. Mutane da yawa sun san wannan, sai dai suna ɗaukar hidima a matsayin yin kowane aiki da hannunka. Duba Yohanna 13 da kyau. Kafin a ce ya tashi ya ɗaura mayafi ya zuba ruwa a daro, aya ta 3 ta faɗi cewa Yesu ya san Uba ya sa kome a hannunsa, ya san inda ya fito da inda za shi. Wanda ya san matsayinsa a wurin Allah ne yake iya durƙusawa ya wanke ƙafa ba tare da jin an rage shi ba. Shugaban da bai natsu da wannan ba yakan riƙe aiki kam, domin a ransa aikin ne yake ba shi daraja. Kuma da Yesu ya gama, ya ce musu su ma su yi wa juna haka. Hidimarsa ta ƙare ne da miƙa aikin ga waɗansu.

Mu fara da kai. Sa'ad da Bulus ya yi bankwana da dattawan Afisa a Ayyukan Manzanni 20:28, ya ce su kula da kansu, sa'an nan da garken. Haka ya jera wa Timoti: ka lura da kanka da kuma koyarwarka (1 Timoti 4:16). Ka karanta 1 Timoti 3:1-7 da alƙalami a hannu, ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da ya shafi hali, ka zagaye duk abin da ya shafi gwaninta. Za ka ga kusan duka layi ne: kamunkai, natsuwa, karɓar baƙi, rashin shaye-shaye, rashin faɗa, rashin son kuɗi, kyakkyawar shaida a wurin waɗanda ba 'yan ikilisiya ba. Gwanintar da aka ambata kai tsaye ita ce iya koyarwa, sai iya riƙon gida. Mu kuwa sau da yawa mukan juya jerin, mu zaɓi mai baki da murya, mu ce halin zai biyo baya. Ba ya biyowa da kansa.

A aikace, ware minti 30 zuwa 45 kowace rana a sa'a ɗaya tsayayyiya, kafin ka taɓa waya. Yesu ya tashi da asuba tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa (Markus 1:35), alhali daren jiya gari duka ya taru a bakin ƙofa. Karatun wannan lokaci ya zama dabam da shirin koyarwa, har littafin da kake bi ya zama dabam. Dalilin shi ne, mai karatu don ya koyar yakan ji kowace aya tana magana da wani, ba da shi ba. Littafi Mai Tsarki yana da sura 1,189, saboda haka sura uku zuwa huɗu a rana suna kai ka ƙarshe cikin shekara. In wannan ya yi maka yawa yanzu, ɗauki sura ɗaya da Zabura ɗaya. Ka riƙe ɗan littafin rubutu, kowace rana ka rubuta layi biyu kawai: abin da nassin ya nuna maka game da Allah, da abu ɗaya da za ka yi ko ka bari a ranar. Inda mutane suke faɗuwa shi ne su ɗaura wa kansu sa'a biyu a makon farko, su kasa a mako na biyu, kunya ta sa su watsar da abin gaba ɗaya. In ka tsallake kwana biyu, ci gaba daga inda ka tsaya, kada ka ce sai ka rama.

Na biyu, kana bukatar mutum ɗaya da yake da izinin yi maka tambayar da ba ka so. Dawuda yana da sojoji da fādawa da yawa, amma Natan ne kaɗai ya iya duban idonsa ya ce masa shi ne mutumin da ya yi laifin (2 Sama'ila 12:7). Nemi wanda ya girme ka a bangaskiya, jinsinku ɗaya, wanda ba ya ƙarƙashinka kuma ba ya cin moriyar muƙaminka. Ku riƙa zama sau biyu a wata. Kai ne za ka rubuta masa tambayoyin tun farko, domin in ka bar masa zai ji nauyinka: Yaya addu'arka a makonnin nan? Akwai kuɗin da ya bi ta hannunka da ba a rubuta ba? Akwai wanda kake hira da shi a ɓoye da ba za ka so iyalinka su gani ba? Wa kake riƙe da shi a zuciya? In zaman ya koma hirar matsalolin ƙungiya, ya tashi daga aikinsa, sai ku dawo da shi.

Gida kuma ba abin da za a duba in an sami sarari ba ne. Bulus ya tambaya, wanda bai iya riƙon gidansa ba, ta yaya zai kula da ikilisiyar Allah? Eli firist yana hidima a Shilo, yana jin labarin muguntar da 'ya'yansa Hofni da Finehas suke yi, ya yi musu magana mai laushi bai hana su ba, gidansa duka ya biya. Ka tsai da yini ɗaya a mako da ba taro ba ziyara, sai rasuwa ko rashin lafiya mai tsanani, ka kuma sanar da ƙungiyar ranar. Da Iliya ya karai har ya roƙi mutuwa, abin da Allah ya fara ba shi barci ne da abinci da ruwa, har sau biyu, kafin wata magana (1 Sarakuna 19). Kuma cikin abin da ya umarce shi daga baya akwai shafe Elisha ya gāje shi.

Maganar kuɗin nan da ke kwana a hannunka, ka daina tun wannan mako, ko da kai mai gaskiya ne ƙwarai. Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar ikilisiyoyi shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa 8:18-21 ya ce ikilisiyoyi sun zaɓi ɗan'uwa da zai yi rakiyar kyautar, don kada kowa ya sami abin zargi, domin ana so a yi abin da yake daidai a gaban Ubangiji da kuma gaban mutane. Tsarin mai sauƙi ne: mutum biyu waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba su ƙirga a wurin kafin kowa ya tashi, su rubuta, su sa hannu. Ma'aji ya ajiye, kai ba ka ajiyewa. Ba a fitar da kome sai da sa hannu biyu, a kuma karanta rahoto a gaban kowa duk wata uku. Galibi ɓarna ba da sata take farawa ba. Da aro take farawa, da niyyar mayarwa ranar albashi.

Yanzu ga horar da waɗansu, inda nake so mu daɗe.

Halin da kake ciki shi ne na Musa a Fitowa 18. Yana zaune yana shari'a daga safe har yamma, mutane suna tsaye kewaye da shi. Surukinsa Yetro ya ce masa abin nan bai yi kyau ba, zai gajiyar da kansa ya gajiyar da jama'ar ma. Lura da wannan na biyun: masu jiran layi su ma suna shan wahalar shugaban da ya ƙi sakin aiki. Shawarar Yetro tana da sassa uku. Musa ya riƙe abin da yake nasa, wato tsayawa a gaban Allah domin jama'a da koya musu ka'idodi. A zaɓi mutane masu iyawa, masu tsoron Allah, amintattu, masu ƙin cin hanci, a sa su a kan dubu dubu, ɗari ɗari, hamsin hamsin da goma goma. A kuma fayyace wace magana ce za su yanke da kansu, wacce ce za ta hau wurin Musa. Wannan na ukun ne aka fi mantawa. Ka ba mutum aiki ba ka gaya masa iyakar ikonsa ba, ko dai ya riƙa dawowa wurinka da kowane ƙaramin abu, ko ya yanke abin da ya fi ƙarfinsa ku ɓata.

Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ka yi wa ƙungiyar cikin mako huɗu da suka wuce, har jera kujeru da aika saƙon tunatarwa. Raba su kashi uku: abin da wani zai iya karɓa gobe, abin da wani zai iya karɓa bayan horo na 'yan watanni, da abin da dole kai ne. Kashi na uku bai kamata ya wuce abu uku ko huɗu ba. Manzanni ma haka suka yi a Ayyukan Manzanni 6, da aka yi gunaguni cewa ana manta matan da mazansu suka mutu daga cikin masu jin Helenanci a rabon yau da kullum. Suka riƙe addu'a da hidimar Maganar Allah, suka ce jama'a su zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Dukan bakwai ɗin sunayensu na Helenanci ne, alamar cewa an damƙa aikin a hannun ɓangaren da ya yi kuka. Daga cikin masu rabon abincin nan ne Istifanus da Filibus suka fito.

Mutum 40 ba sa renuwa a hannun mutum ɗaya. Raba su gida huɗu ko biyar, kowane da mai kula da shi. Wannan tsohuwar dabara ce: a 1742 a Biristol ta Ingila, mabiyan mai wa'azi John Wesley sun rarraba kansu ƙungiya-ƙungiya ta mutum kusan 12 don tara kuɗin biyan bashin ɗakin taronsu, sai Wesley ya ga masu zagayawa karɓar kuɗin sun fi kowa sanin halin da kowane mutum yake ciki, ya mai da tsarin hanyar kiwon rayuka.

Amma waɗanda za ka zuba ranka a kansu sosai kada su wuce biyu ko uku. Yesu ya kwana yana addu'a kafin ya zaɓi sha biyun (Luka 6:12-13), a cikinsu ma Bitrus da Yakubu da Yohanna ne ya shiga da su gidan Yayirus, su ne a kan dutsen da kamanninsa suka sāke, su ne kusa da shi a Getsamani. Wajen zaɓe, kada ka bi wanda ya fi surutu a taro. Duba wanda yake zuwa da wuri, wanda in ya ce zai yi abu yakan yi, wanda ake yi wa gyara fuskarsa ba ta canzawa har mako guda, wanda mutane suke kai masa damuwarsu tun ba shi da muƙami. Gwada shi da ƙaramin aiki mai ranar gamawa, sau uku, kafin ka ce masa kome game da shugabanci. Bulus ya ce a fara gwada masu hidima tukuna (1 Timoti 3:10), kada a yi gaggawar ɗibiya wa kowa hannu (5:22), kada kuma a naɗa sabon tuba don kada girmankai ya kā da shi. Naɗi da sauri yake, saukewa kuwa yakan raba ƙungiya biyu.

Markus 3:14 ya ba da dalili biyu na zaɓen sha biyun, kuma jerinsu yana da muhimmanci: su kasance tare da shi, sa'an nan ya aike su. Yawancin horonmu aji ne da takarda, babu zaman tare. Don haka daga yau kada ka je ziyarar mara lafiya kai kaɗai. Tafi da ɗayansu. Ya ga yadda kake sallama, inda kake zama, yadda kake yin shiru ka bar mai ciwon ya yi magana, tsawon addu'arka, da lokacin da kake tashi kafin ka gajiyar da shi. A hanyar dawowa ka tambaye shi abin da ya lura da shi. Bayan ziyara biyu ko uku, shi zai karanta nassi ya yi addu'a. Daga nan shi zai ja ziyarar duka, kai kana gefe bakinka a rufe ko da ya yi tuntuɓe. Sa'an nan ya tafi ba kai, amma da wani sabo a bayansa. Koyarwa ma haka: ya fara ganin yadda kake shiri, ba tsayuwarka a gaba kaɗai ba, sa'an nan minti biyar, sa'an nan minti 15, sa'an nan darasi cikakke. Ga mai aminci, wannan yakan ɗauki wata shida zuwa shekara, da zaman sa'a ɗaya kowane mako. Matakin da shugabanni suke tsallakewa shi ne na zama a gefe a yi shiru. Wasu daga kallo sai su jefa mutum cikin ruwa, in ya nutse su ce bai iya ba. Wasu kuma da ya yi kuskuren farko sai su karɓe magana a gaban jama'a, daga ranar ba zai ƙara yarda ya tsaya ba.

Bayan kowane aiki a zauna a duba. Da manzannin suka dawo daga aike sun faɗa wa Yesu duk abin da suka yi da abin da suka koyar, ya kuma janye su su huta (Markus 6:30-31). Da suka kasa fitar da aljani, a cikin gida a keɓe suka tambayi dalili (Markus 9:28). Yi zaman cikin kwana biyu, tun abin yana sabo. Bari shi ya fara: me ya tafi daidai, me zai canza. Kai kuma ka faɗi abu biyu takamaimai da ya yi kyau, da abu ɗaya tak da zai gyara. "Ka yi ƙoƙari" ba ya koya wa kowa kome. Amma in ka ce masa, "Da ka yi tambayar nan ka jira har aka amsa, mutum uku da ba sa magana sun yi magana, sai dai ka karanta aya takwas, biyu sun isa," ya san abin da zai riƙe da abin da zai sauke. Akila da Bilkisu sun ji Afolos yana wa'azi da ƙarfi amma da giɓi a saninsa, ba su tsai da shi a majami'a ba, suka ja shi gefe suka ƙara bayyana masa hanyar Allah (Ayyukan Manzanni 18:26). A bambanta kuskuren rashin gwaninta da zunubi. Na farko horo yake so. Na biyu yana da tasa hanyar a Matiyu 18:15-17: kai da shi tukuna, sa'an nan da mutum ɗaya ko biyu, sa'an nan ikilisiya, da ruhun tawali'u kamar yadda Galatiyawa 6:1 ta ce.

Wani daga cikinsu zai ba ka kunya, ka sa wannan a ranka tun yanzu. Yohanna Markus ya bar Bulus da Barnaba a Bamfiliya ya koma Urushalima. Da za a sake fita, Bulus ya ƙi a tafi da shi, gardama ta yi zafi har suka rabu, Barnaba ya ɗauke shi zuwa Kubrus (Ayyukan Manzanni 15:36-40). Shekaru bayan haka, Bulus ɗin nan ne ya rubuta wa Timoti ya zo da Markus domin yana da amfani a gare shi (2 Timoti 4:11). Wanda ya gudu don tsoro ko gajiya, a ba shi dama ta biyu da aiki mafi sauƙi da sa ido na kusa. Wanda ya ci amanar kuɗi ko ya cuci wanda aka ba shi kiwo, a gafarta masa in ya tuba, amma gafara ba ta nufin a mayar masa da makullin nan take. In cutarwar ta shafi yaro ko wani mara ƙarfi, a sanar da shugabannin ikilisiya da hukuma, kada a rufe da sunan rufin asiri.

Gwaji mafi wuya kuwa zai zo ne ranar da wanda ka rena ya fi ka. Za ka ji ana cewa koyarwarsa ta fi shiga rai, wani abu ya motsa a ƙirjinka. Saul ya ji mata suna waƙar dubbansa da dubun dubban Dawuda, daga ranar ya sa masa ido (1 Sama'ila 18:7-9), sauran mulkinsa ya ƙare a farautar mutumin da ya fi kowa yi masa amfani. Musa kuwa, da Joshuwa ya ce a hana Eldad da Medad yin annabci a zango, ya ce da ma dukan jama'ar Ubangiji annabawa ne (Littafin Ƙidaya 11:26-29). Barnaba ne ya tsaya wa Shawulu, wato Bulus, a gaban manzanni lokacin da kowa yake tsoronsa, shi ne ya je Tarsus ya nemo shi suka koyar shekara guda a Antakiya, daga sura ta 13 ta Ayyukan Manzanni kuma sunan Bulus ya fara zuwa gaba da nasa. Kishin nan in ya zo, kai shi wurin mutumin nan mai yi maka tambayoyi, ka kira shi da sunansa. Sa'an nan ka yi abin da kishi ya ƙi: ka yabi ɗan'uwan a gaban jama'a, ka ƙara masa fili.

Miƙa aiki kuma a fili ake yinsa. Allah ya ce wa Musa ya tsai da Joshuwa a gaban Ele'azara firist da dukan taron, ya ɗora masa hannu, ya ba shi daga cikin ikonsa don jama'a su yi masa biyayya (Littafin Ƙidaya 27:18-23). In ka ba wani kula da ziyara, ka faɗa a taro. Bayan haka mutane za su ci gaba da zagayowa wurinka, don sun saba. Duk wanda ya zo, ka ce masa, "Wannan a hannun wane yake, je ka same shi." In ka amsa sau ɗaya a bayan idonsa, ka karɓe aikin ke nan ko da ba ka faɗa ba.

Ka kuma gaya wa mutum biyu ko ukun nan tun zaman farko cewa kowannensu zai ɗauki wani kafin shekara ta ƙare. 2 Timoti 2:2 tana da zuriya huɗu a aya ɗaya: Bulus, Timoti, amintattun mutane, da waɗansu da su kuma za su koya wa. Bayan wata shida, ka shirya rashin zuwa taro biyu a jere, ka sanar tun da wuri, kada ka kira kowa a waya ranar. Da ka dawo, ka tambayi abu uku: an fara a kan lokaci, an ƙirga baiko an sa hannu biyu, an je wurin marasa lafiya? Abin da ya tsaya cik saboda ba ka nan, shi ne aikin da za ka sa a gaba wajen horo a wata shida masu zuwa.